Kamen Mota Saboda Gudu da Tsere: A Ina Gardamar Take?

Shin daidai ne jami'in hanya ya sauke mutum daga motarsa, a ja ta a kulle a harabar hukuma na kwanaki, don ya yi gudun wuce ƙima ko ya yi tsere a kan titi, alhali alƙali bai ji ta bakinsa ba? Tambayar da ke dawowa ke nan a Zariya duk lokacin da aka yi jana'izar wanda mota ta kwashe a bakin hanya, ko bidiyon samari masu wasan mota ya zagaya wayoyi. A irin wannan rana kusan kowa cewa yake a ƙwace motar, a ɗaure mai ita. Bayan mako guda kuma, idan 'yan KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, suka kama Keken maƙwabci, bakin da ya nemi a tsananta shi ne zai ce zalunci ya yi yawa. Mutanen ba su sauya ra'ayi ba. Abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Tara, tsarewa da ƙwacewa

Hukunci uku ne ake cuɗawa idan an ce "an kama mota". Na farko tara: a rubuta maka takarda, ka je ka biya, ka ci gaba da harkarka. Na biyu tsarewa: hukuma ta riƙe motar na wani lokaci, amma har yanzu taka ce, za ta dawo hannunka. Na uku ƙwacewa: motar ta fita daga mallakarka gaba ɗaya, a yi gwanjonta ko a lalata ta.

Tsarewar ma iri biyu ce, kuma a nan ne ainihin muhawarar take. Akwai tsarewar da muka saba da ita, wadda ake riƙe mota har sai an biya tara; da zarar ka kawo rasit an buɗe maka ƙofa, ko da awa biyu kacal ta yi a ciki. Akwai kuma wadda masu neman a tsananta doka suke so, wato a ƙayyade kwanaki, bakwai ko goma sha huɗu, motar ba za ta fito ba ko nawa ka biya. A iri na farko kuɗi ne hukuncin. A iri na biyu rashin motar ne hukuncin.

Haka laifin ma ba ɗaya ba ne. Direban da ya kai kilomita 115 a awa ɗaya a hanyar Kano inda doka ta ce 100 ya yi laifi. Amma ba a ajinsu ɗaya ba da samari biyu da suka jera motoci suna rige-rige a gaban ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko wanda ya tare mararraba ranar kai amarya yana juya mota taya na hayaƙi, yara sun zagaye shi suna ihu. Na farko zai iya zama gafala ko sauri. Na biyu shiri ne, da niyya, da 'yan kallo.

Abin da doka ta riga ta tanada

Da yawa suna magana kamar babu doka sai an ƙirƙiro. Akwai. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, tana aiki da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012. Iyakar gudu a rubuce take: ƙaramar mota ta gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Kaduna zuwa Kano. Motocin haya da bas 90 ne iyakarsu a tagwayen hanya, tirela da tanka kuwa 60. Tun Fabrairun 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu.

Dokar ta 2007 ta ba jami'an hukumar ikon tsare motar da suke zargin an aikata laifi da ita. Ta kuma ce idan mai mota ya yi wata shida bai zo ya karɓe ta ba, hukumar na iya zuwa babbar kotu ta nemi izinin mallake ta da yin gwanjonta. A lura, kotu ce ke bayar da wannan izini, ba jami'in da ke tsaye a titi ba. A jadawalin tarar da aka daɗe ana aiki da shi, gudun wuce ƙima Naira 3,000 ne, tuƙin ganganci kuma Naira 50,000. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, Naira 3,000 kuɗin 'yan litocin fetur ne kawai. Wanda ya iya cika tanki don ya ƙona shi a wasa ba zai ji wannan tara a jikinsa ba, kuma daga nan ne kiran a koma tsare mota ya samo ƙarfinsa.

A matakin jiha, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta rushe ofishin VIO na Kaduna, wato masu duba lafiyar motoci, a ƙarshen 2015, aikin ya koma hannun hukumar da yanzu ake kira KASTLEA. Ga kuma 'yan sandan sashen zirga-zirga. Ke nan direba ɗaya da ya taso daga Ɗanmagaji zuwa Kwangila zai iya cin karo da hukumomi uku, kowacce da ikonta da takardarta.

Me ya sa gudu ya fi sauran laifuffuka tayar da hankali

Motar da ke kilomita 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Wadda ke 100 tana cin kusan 28. Daƙiƙar da direba zai ɗauka kafin ƙafarsa ta bar totur ta hau birki, motar ta riga ta shafe wannan tazarar. Bayan an taka birkin kuma lissafin ya fi muni: idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya yakan ninka huɗu, ƙarfin karon ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. Kilomita 15 kacal, wanda direba ba ya ma jin bambancinsa a cikin mota mai lafiya. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara a duniya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Nijeriya, alƙaluman FRSC na 2023 da na 2024 kowanne ya haura mutum 5,000, kuma gudu ne hukumar ta fi ambata a matsayin sanadi. Waɗannan su ne aka rubuta. Wanda aka ɗauke daga bakin titi aka yi masa sutura kafin la'asar sau da yawa ba ya shiga littafin kowa.

Zariya tana da nata yanayin da ke ƙara wa abin nauyi. Mahaɗar manyan hanyoyi ce: ta Kaduna, ta Kano, ta Jos, da ta Sakkwato wadda ke bi ta Funtuwa. Hanyar Sakkwato ta ratsa tsakiyar Samaru, ta gaban jami'a da kasuwa, ta wuce Shika inda asibitin koyarwa yake. A takarda babbar hanya ce, a zahiri kuwa titin unguwa ne, ɗalibai da 'yan makaranta da masu talla da majinyata duk a kansa suke tsallakawa. Gyaran da aka yi wa hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano ya rage wahala sosai, amma da can ramuka ne ke taka wa direbobi birki. Yanzu kwalta ta yi santsi, ƙauyukan da ke bakin hanya kuma suna nan inda suke.

Inda aka gwada

Lardin Ontario na ƙasar Kanada shi aka fi kafa misali da shi. A 2007 suka yi dokar da ta ce duk wanda aka kama yana tsere, ko yana wasa da mota, ko ya haura iyakar gudu da kilomita 50, nan take ɗan sanda zai tsare motar kwana bakwai, ya dakatar da lasisinsa kwana bakwai, sannan a haɗu a kotu. A 2021 suka ƙara tsananta: mota kwana 14, lasisi kwana 30, kuma a titunan da iyakarsu ba ta kai 80 ba, haurawa da 40 ya isa. Tara tana farawa daga dalar Kanada 2,000. Masu bincike a Jami'ar Western da ke lardin sun gano cewa raunuka da mace-macen da gudu ke jawowa sun ragu a tsakanin samari maza bayan dokar, su ne kuwa aka yi ta dominsu. Amma a can ma an yi ta ƙorafi cewa ana hukunta mutum kafin shari'a, kuma wanda kotu ta wanke daga baya ya riga ya yi asarar kwanakinsa da kuɗin jan mota da na ajiya.

Denmak ta wuce nan. Daga Maris na 2021 ana ƙwace motar mai tuƙin hauka gaba ɗaya, ko da ba tasa ba ce, ko da ta aro ce ko ta kamfanin bayar da haya.

Ba sai mun je nesa ba ma. Legas tana da dokar da ta yarda a ƙwace motar wanda ya bi hannun da ba nasa ba. A Satumban 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci 134 da kotu ta mallaka mata, aka ga masu motocin suna hawaye suna taya abin hawansu da bakinsu. Hotunan nan sun raba kan jama'a, kuma mafi yawan waɗanda aka ga suna kuka ba masu hali ba ne.

Hujjar masu cewa a tsananta

Hujjarsu gajera ce kuma tana da ƙarfi. Tara ba ta daidaita mai kuɗi da talaka, amma kwana goma sha huɗu babu mota kowa zai ji. Tsarewa tana raba mai ganganci da makaminsa a daidai lokacin da yake cikin zafin kai. Sannan tana kai maganar gida: yawancin samarin da ke wasan mota ba su sayi ko taya ɗaya ba, motar baba ce ko ta yaya. Uban da ya yi mako biyu yana hawa acaba zuwa ofis zai san inda zai riƙa ɓoye makulli. A kan tsere da wasan mota a titin jama'a, ni ban ga abin da zai rushe wannan hujja ba.

Motar wa za a kama?

Matsalar tana farawa ne idan aka faɗaɗa dokar ta hau kan kowane irin gudu. A Kanada mafi yawan masu tuƙi motarsu suke tuƙawa. A tashar Kwangila ba haka abin yake ba. Direba daban, mai mota daban. Mai motar kan iya zama ɗan fansho da ya zuba kuɗin sallamarsa a bas guda, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata Keke biyu take ciyar da marayu da balas ɗin da ake kawo mata kullum yamma. Wani Keken ma ba a gama biyan kuɗinsa ba, ana biya mako-mako, kuma mai bin bashi ba ruwansa da cewa abin hawan yana kulle. Idan aka tsare motar kwana goma sha huɗu, direban da ya yi laifin zai iya samun wata motar gobe a tasha ɗaya, wanda bai ji ba bai gani ba shi ne zai kwana da yunwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce ai mai mota ma yana da nasa alhakin, kuma da gaskiya a ciki. Tsarin balas shi kansa yana tura direba gudu. An yanka masa abin da zai kawo kullum, ga kuɗin mai, ga na 'yan kamasho da na yuniyon, ga abin da ake miƙawa a shingaye. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne nasa. Hanya ɗaya da zai ƙara samu ita ce ƙarin sawu, ƙarin sawu kuwa gudu ne. Mai motar da ya san haka ya ci gaba da ɗaga balas ba za a ce hannunsa tsaf yake ba. Fasinjoji ma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ne ke cewa "direba, wai ba ka ci abinci ba ne?" idan ya tsaya a kan 90. Amma wannan dalili ne na a hukunta direba a lasisinsa, a kuma ja kunnen mai mota a karo na farko, ba dalilin a durƙusar da gida guda saboda kuskuren rana ɗaya ba.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a cika rubutawa ba. Yaron da ke juya babbar mota a GRA, kafin a kai motar ofis waya ta riga ta iso. Mai Keken Tudun Wada ba shi da wanda zai kira. Dokar da aka yi don na farko, idan ba a yi hattara ba, a kan na biyu za ta ƙare.

Wa ya auna gudun?

Wannan ce tambayar da aka fi tsallakewa. Tsere da wasan mota ido yana ganinsu, waya tana ɗauka, galibi ma masu yin ne ke ɗora bidiyon da kansu a TikTok. Gudu kuwa lamba ce. Ba za a ce mutum ya haura iyaka da kilomita 40 ba sai da na'urar auna gudu wadda aka tabbatar da ingancinta, da allon da ya nuna iyakar a wurin. A Ontario ɗan sanda yana zuwa kotu da abin da na'urarsa ta nuna. Mai karatu ya tuna sau nawa ya ga allon iyakar gudu tsakanin Ƙofar Doka da PZ, ko ya ga jami'i riƙe da irin wannan na'ura a cikin gari. Inda babu awo, abin da ya rage shi ne "na ga kana gudu", kuma idan wannan magana kaɗai ta isa ta raba mutum da motarsa mako biyu, to an ɗaga farashin "a yi haƙuri, Oga" ne kawai. Duk yadda hukunci ya ƙara tsanani, haka abin da direba zai yarda ya miƙa don ya kuɓuta yake ƙaruwa.

Tsarin mulkin 1999 ma yana da ta cewa. Sashe na 36 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Sashe na 44 ya hana karɓe dukiyar mutum da ƙarfi, sai dai ya yi togaciya, ciki har da hukuncin karya doka da kuma riƙe abu na ɗan lokaci domin bincike. Lauyoyi suna ja-in-ja a kan ko tsare mota na kwanaki ƙayyadaddu "riƙewa domin bincike" ne ko kuwa hukunci ne da aka zartar ba tare da alƙali ba. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke cewa jami'an VIO na Abuja ba su da hurumin tsayar da motoci, ko tsare su, ko cin tarar direbobi. Hukuncin ya shafi Abuja ne, kuma ya dogara a kan rashin dokar da ta ba su ikon, don haka ba ya nufin an ɗaure hannun FRSC ko KASTLEA. Amma ya nuna cewa kotu ba ta ɗaukar kamen mota a matsayin ƙaramin abu, kuma duk dokar da majalisar jiha za ta yi sai ta shirya tsayawa gaban alƙali.

Ta fuskar addini

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Brunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma shugaba na da ikon hukunta mai saɓa musu. Wanda ya kashe rai da gangancin tuƙi kuma maganar diyya da kaffara tana kansa. "Ƙaddara ce" ba ta ɗauke masa. A kan horo ta hanyar dukiya malaman da suka gabata sun yi saɓani, da yawa sun hana don tsoron kada azzaluman mahukunta su mayar da shi hanyar cin dukiyar talakawa. Wasu malaman Hanafiyya kuma sun fassara halascinsa da cewa a riƙe dukiyar mai laifi na wani lokaci har ya horu, sannan a mayar masa. Wato tsarewa ta fi ƙwacewa samun wurin zama, kuma tsoron da ya sa suka yi taka-tsantsan shi ne dai wanda direbobin tasha ke faɗa a yau.

Abin da ya kamata a duba idan maganar ta zo majalisa

A nawa ganin, tsare mota na kwanaki ya dace da tsere, da wasan mota ko babur a titin jama'a, da gudun da ya wuce hankali wanda na'ura ta tabbatar, musamman a gaban makarantu da kasuwanni da asibiti. Gudun da bai kai nan ba a bar shi ga tara mai ma'ana da makin laifi a kan lasisin direba. Ƙwacewa kuwa kada ta fita daga hannun alƙali, kuma a keɓe ta ga wanda ya maimaita ko ya yi kisa.

Sauran sharuɗɗan su ne za su nuna ko dokar ta kare rai ce ko ta tara kuɗin shiga. A gurfanar da mutum gaban kotun tafi-da-gidanka cikin kwana ɗaya ko biyu, ba a bar shi yana zarya ofis ba. Wanda kotu ta wanke a ba shi motarsa ba tare da kuɗin ajiya ba. A rubuta yanayin motar da abin da ke cikinta a gaban mai ita, don kowa ya san labarin batir da taya da ke ɓacewa a harabar ajiya. Mai motar da ba shi ke tuƙi ba a ba shi damar karɓar abinsa a karo na farko bayan ya sa hannu a takardar gargaɗi. Kada kuɗi ya bi ta hannun jami'i, kuma kada a ɗora wa jami'ai adadin kuɗin da za su kawo a wata. Hukumar da ke kamen ta riƙa fitar da jerin irin motocin da ta tsare duk wata, jama'a su gani da idonsu ko Keke da Golf ne kaɗai ke laifi a Zariya.

Masu binciken laifuka sun daɗe da lura cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana shi aikata laifi. Tara matsakaiciya da ke samun kowa a kowane lokaci ta fi kamen mako biyu da ke samun mutum ɗaya cikin ɗari. Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar jami'i ko kaɗan: allunan iyakar gudu, tudun rage gudu da injiniya ya tsara maimakon wanda 'yan unguwa ke ginawa cikin fushi bayan an kashe musu yaro, fitilun titi, da wuraren tsallakawa a Samaru da Shika da ƙauyukan hanyar Kano. Samarin da jininsu ke tafasa da son tsere kuma, garin da ya san filin folo da sukuwar dawaki ba zai rasa fili a bayan gari ba inda za a yi abin da izini, da shinge tsakanin mota da 'yan kallo, da motar asibiti a gefe.